Maganin feshi na cinye mana kifi

Gaskiya wannan rahoto da ku ka yi kan yadda maganin feshin gona ke lalata hanta da ƙodar kifi ya taɓa ni sosai, don a bakin fadama na tashi. Mutane sun ɗauka sai sun ga kifi ya taso saman ruwa ciki sama sannan akwai matsala, alhali ko bai mutu ba gubar tana shiga ta kunnuwansa da yake shaƙar iska da su, ta bi jini, sai jikinsa ya riƙa tara wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, har abin ya fi ƙarfin kariyar da Allah ya yi masa. Daga nan girma ya tsaya, ƙwai ya ragu. Da idona na ga tarwaɗa tana ta haƙi a saman ruwa, jikinta duk yauƙi, kwana biyu bayan an yi feshin shinkafa, kuma wallahi a ruwan nan wasu yara su ka wanke jarkar feshin. Abin da ya fi ƙona min rai masu zuba Gamalin a tafki da gangan wai su kwashi kifi, maganin ƙwarin da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm kan sinadarai masu guba ta hana amfani da shi a gona tun 2009, ya kashe manya ya kashe 'ya'ya, gobe a soya a kai kasuwa mu saya wa iyalinmu. Don Allah malaman gona da sarakunan ruwa ku riƙa zagawa fadamu kuna nuna wa manoma inda za su wanke kayan feshi nesa da kogi.