Manhaja za ta rage wa dillalin lodi aiki, amma ba za ta tsaya wa kowa lamuni ba

Dillancin lodi ya bunƙasa a Amurka ne bayan dokar 1980 da Shugaba Jimmy Carter ya sanya wa hannu, wadda ta sassauta ƙa'idojin sufurin manyan motoci har dubban masu tirela ɗaya ko biyu suka shiga harkar. Mai masana'anta ba zai iya sanin duk waɗannan direbobi ba, su ma ba su da ƙafar zuwa wurinsa, sai dillali ya tsaya a tsakani yana cin la'ada, kamar dai ɗan kamasho a tashoshinmu.

Masu fasaha sun daɗe suna ganin wannan la'ada a matsayin kuɗin banza da manhaja za ta iya kawarwa. Da wannan tunani aka kafa Convoy, kamfanin dillancin lodi ta manhaja, a birnin Seattle a 2015, Uber Freight kuma ya biyo baya a 2017. A 2022 masu zuba jari sun yi wa Convoy kuɗi dala biliyan 3.8, amma a watan Oktoban 2023 ya rufe, bayan da farashin dako ya faɗi, kuɗin masu jari kuma ya ƙafe. C.H. Robinson, babban kamfanin dillancin lodi da aka kafa tun 1905, yana nan daram, sai dai shi ma ya rage ma'aikata, domin ƙirƙirarriyar basira ce yanzu take karanta saƙonnin masu kaya tana yanka farashi.

A ganina, abin da wannan ya nuna shi ne haɗa mai kaya da mai mota shi ne mafi sauƙin aikin dillali, kuma kwamfuta ta riga ta ƙwace shi. Nauyin yana wani wuri. Dillali ne yake biyan direba kafin mai kaya ya biya shi, shi ne yake tantance inshora, shi ne ake kira da tsakar dare idan motar sanyi ta lalace da nama a ciki, kuma doka ta tilasta masa ajiye jinginar dala 75,000 saboda direban da aka hana haƙƙinsa. Hasali ma, komawar ciniki intanet ta ƙara wa 'yan damfara ƙofa, waɗanda suke karɓar lodi da sunan kamfanin wani, su miƙa wa direban da bai san komai ba, su gudu da kuɗin.

Motoci marasa direba ma ba su kori dillali ba tukuna. Da Aurora, kamfanin da ke haɗa fasahar irin waɗannan motoci, ya fara jigila da su tsakanin Dallas da Houston a 2025, Uber Freight, wato dillali, yana cikin abokan cinikinsa na farko.

Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai tirela ɗaya. Idan manyan kamfanoni suka kwashe dogayen hanyoyi da motocin da ba sa barci, alhali doka ta ƙayyade wa ɗan Adam tuƙin awa 11 kafin hutu, zai koma rububin ragowar lodi, a farashin da na'urar dillali ta yanka ba tare da ya san nawa mai kaya ya biya ba. Doka ta ba shi ikon ganin takardun cinikin, amma dillalai da yawa suna sa shi ya yafe wannan haƙƙi a cikin yarjejeniya. A watan Nuwamban 2024 hukumar FMCSA, mai kula da sufurin manyan motoci a Amurka, ta gabatar da daftarin ƙa'idar da za ta ƙarfafa wannan haƙƙi, kuma ya kamata a zartar da ita tun kafin motocin Aurora su yawaita.