Kafin ki yi ciko ki karɓi iPhone

Jiya bayan la'asar ƴar yayata ta shigo gidan nan, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo min wayarta ta ce, "Anti, don Allah ki ba ni shawara. In kai wannan in yi ciko in karɓi iPhone ƴar Landan?" Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna. Ita ce ta huɗu da ta yi min wannan tambaya tun bayan Ƙaramar Sallah, saboda kowa a dangi ya san na taɓa yin wannan ƙaura, na yi wata goma sha shida a can, na tattara nawa ya nawa na dawo Android. To bari in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in turo mata ta karanta.

Masu iPhone ku kwantar da hankalinku, ba zagin wayarku na zo yi ba, zan ma faɗi inda ta yi wa sauran fintinkau.

Sana'ata sayar da atamfa da leshi da mayafai. Ba ni da shago. Ɗakin baƙinmu a Unguwar Dosa, nan Kaduna, shi ne shagon, WhatsApp kuma shi ne ƙofarsa. Ina saro kaya a Kantin Kwari, in ɗan cike a Kasuwar Gumi idan wani zane ya ƙare, in ɗauki hoto in ɗora, a zaɓa, a turo kuɗi, in ba ɗan aike ko in kai tashar Kawo. Saboda haka waya a wurina ba abin ado ba ce, jari ce.

A ƙarshen 2023 na sauya. Dalilin da na gaya wa maigida shi ne kyamara: ƙaramar wayar da nake riƙe da ita tana canza wa kaya kala, ruwan hanta ya fito ja, kwastoma ta karɓi kaya ta ce ba abin da ta gani ba ke nan. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ɗaya rabin kuwa wani biki ne da muka je Malali, aka zo ɗaukar hoton ƙawaye, na ɗaga wayata wata ta ce, "A'a, a bari mai iPhone ta ɗauka." Dariya aka yi, ni ma na yi, amma maganar ta kwana a raina. Duk macen da ta ce irin wannan ba ya cikin lissafinta lokacin da take sayen waya, to ta fi ni ƙarfin zuciya.

Na samu iPhone 12 ta hannu, mai gurbin ajiya gig 64, a wani shago a Ahmadu Bello Way. Na ba da tawa na yi ciko. A nan na tafka kuskuren da har yau idan na tuna sai na ji haushin kaina.

Ku saurara da kyau, don wannan shi ne abin da ba a gaya wa mutane. Ajiyar WhatsApp ta Android a Google Drive take zama, ta iPhone kuma a iCloud, kuma ɗaya ba ta buɗuwa a ɗaya. Hanyar kwashe hirarraki daga Android zuwa iPhone ita ce manhajar Move to iOS, wadda aka fara kwasar WhatsApp da ita a 2022. Sharaɗinta shi ne wayoyin biyu suna gabanki, iPhone ɗin kuma ba a riga an saita ta ba, ko dai sabuwa ko an goge ta kaf. Ni ban san haka ba. Yaron shagon, da niyyarsa ta alheri, ya saita min komai, ya buɗe min WhatsApp da lambata, ya ce, "Hajiya, an gama." Na ga sunayen guruf-guruf ɗina sun fito, na ɗauka komai ya biyo. Na ce ya goge tsohuwar a gabana saboda hotunan iyali. Ya goge. Sai da na shiga Keke na buɗe hirar wata mai bashi na tarar da fili fetal. Ajiyar ma da ma na daɗe da kashe ta don kada ta cinye min data, to ko Android na ara babu abin da zan dawo da shi.

Littafin bashina gaba ɗaya a cikin hirar nan yake. Wa ta ɗauki turmi uku, wa ta ba da rabi, wa ta ce sai ƙarshen wata. Masu tsoron Allah sun biya da kansu. Wasu kuwa da suka ji ina tambaya "nawa ne ma ya rage?" sai lissafi ya ragu a bakinsu. Ban kama sunan kowa ba. Tun daga ranar na sayi littafi da biro.

Lambobin da ke cikin Gmail ɗina sun biyo ni salin alin. Waɗanda na adana a kan wayar kanta, ciki har da na direbobi biyu da nake ba saƙo, sun tafi.

Sai maganar layi. Ina da layi biyu, na kasuwa da na gida, kamar yawancinmu. Kuma ba don gayu ba: akwai ɗakin da sabis ɗin wannan yake kamawa, na wancan sai ka fito tsakar gida. iPhone ɗin ramin sim ɗaya gare ta, na biyun sai eSIM, wato layin da ake sa maka a cikin wayar ba tare da kati ba. Yana aiki sarai, amma sai da na je ofishin kamfanin layi na bi layi da lambar NIN ɗina. Ranar da wayar ta kwana wurin mai gyara kuma na gane bambancin, domin kati za ki zare ki sa a ƙaramar waya ki ci gaba da amsa kira, wannan kuwa babu abin zarewa. Ga gargaɗi ga masu sayen ta hannu: daga iPhone 14 zuwa sama, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sim ko ɗaya. Ki juya gefen wayar ki duba da idonki kafin ki tura kuɗi.

Ba banza ba Tecno da Infinix da itel suka cika hannun mutane daga Rigasa har Kakuri. Dukkansu na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma sun zauna sun karanci yadda muke rayuwa: sim biyu, batir babba, kyamarar da aka daidaita da baƙar fata, kuɗi daidai aljihu.

Batir ɗin nan shi ne ya fi ba ni wahala, kuma ba laifin kowa ba ne illa inda nake zaune. Wayar da aka ƙera don mutumin da ke da soket mai wuta a gefen gado da mota da ofis daban take da wadda aka ƙera don wanda za a ɗauke wa wuta tun asuba. Batir ɗin iPhone 12 bai kai 3,000 ba a ma'aunin da ake rubutawa, yawancin matsakaitan Android kuwa 5,000 ne. Na sani, iPhone ta fi iya tattalin abin da take da shi, lambar kaɗai ba ta gama magana ba. Amma tawa ta hannu ce, lafiyar batir ɗin tana kashi 84 cikin ɗari lokacin da na saya, ni kuma daga safe zuwa dare data a kunne, hoto, bidiyo, kira. Kafin azahar ta yi ja. Na zama mai yawo da fawa bank kamar jaririya da goyo. Sannan caja: a gidan suna ko gidan rasuwa, ki ce wa zai ara miki caja, goma za a miƙo, babu wadda ta shiga. Sai daga iPhone 15 a 2023 Apple ya koma bakin USB-C irin na kowa, bayan dokar Tarayyar Turai ta matsa a haɗa caja ɗaya. Wadda kuɗinta bai kai na iPhone 15 ba, ta san da wayar cajinta za ta riƙa yawo a jaka.

Akwai wani ƙaramin abu da ban taɓa sa shi a lissafi ba sai da na rasa shi. Umma tana da memori da aka cika mata da karatun Alƙur'ani da tsohon tafsirin Sheikh Abubakar Gumi na Masallacin Sultan Bello. Idan ta zo kwana biyu, nakan zare in sa a wayata in kunna mata, ko in ƙara mata wani abu. iPhone ba ta da ramin memori, ba ta da rediyon FM, ramin iyafis ma tun iPhone 7 a 2016 aka cire. Bluetooth ɗinta kuma ba ya tura fayil zuwa Android. Umma ta juya wayar ta ce, "Ke yanzu duk tsadar nan, abin da ta ƙaninki take yi ita ba ta yi?" Ban sami amsa ba. AirDrop, hanyar tura fayil ta iPhone, abin sha'awa ne, bidiyon biki guda cikin ƙiftawar ido, amma a lokacin sai da wata mai iPhone. Duk gidanmu da masu saro min kaya da ɗan aikena Android ne, Xender suka sani. Akwai shi a iPhone, sai dai kafin ku haɗu kun gaji. A yi adalci, manyan Android ma sun bi sahu, Samsung ya cire ramin memori daga S21 a 2021. Ƙanana da matsakaita ne suka riƙe mana shi.

Gurbin 64 kuwa ga mai sayar da kaya wasa ne. iCloud 5 yake bayarwa kyauta, Google 15. Wata biyu wayar ta fara min kukan ta cika, a lokacin kuma katin bankina na naira ba ya biyan komai a waje.

Yanzu ga inda ta fi, kuma ba zan rage mata ko ƙwaya ba. Bidiyonta ban ga kamarsa ba a kuɗin da na saye ta. Leshi mai duwatsu yana walƙiya a ciki kamar a hannu. Wata goma sha shida ba ta taɓa sanƙarewa ba, babu tallan da ke faɗo min a fuskar waya ba gaira ba dalili. Wayar 2020 ce amma har 2025 tana samun sabon tsari daga kamfani, abin da ƙananan Android da yawa ba sa samu bayan shekara biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda manhajar bankinta ke cikin waya. Sai a baya-bayan nan Google da Samsung suka yi alkawarin shekara bakwai, daga Pixel 8 a 2023 da S24 a 2024, su ma a manyan wayoyinsu. Sannan tana riƙe daraja. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, komai na waje ya tashi, da na zo sayar da ita ban yi asarar da na zata ba. Android ta hannu kuwa, ranar da kika yaga kwalin ranar ta fara zubewa.

Wasu na cewa ɓarayin waya ba sa son iPhone saboda makullin iCloud. Makullin gaskiya ne, yana da ƙarfi, Android ma tana da irin nata na asusun Google. Amma mai ƙwace a bakin titi ba ya tsayawa duba tambari, ko ba ta buɗu ba a sayar da gilashi da sauran kayan ciki. Abin da ya fi wayar haɗari shi ne sim ɗin da ke haɗe da asusun banki. Ko wace iri kike riƙewa, ki sa wa sim ɗinki lambar sirri yau ɗin nan. A nan eSIM ya ci maki, tunda babu katin da za a zare.

To kyamarar da na yi ƙaura dominta fa? Wata rana ƙanina ya ɗauki wata atamfa da wayarsa a tsakar gida da hantsi, a inuwa, ni na ɗauka da tawa a ɗaki ƙarƙashin ƙwan fitila. Tasa ta fi tawa fitar da kala. Ashe rabin matsalata haske ne, ba waya ba. Ga shi WhatsApp yana matse hoto kafin ya isa, sai in kin danna HD, wanda aka kawo a 2023. Kwastomar da ke kallo a wayarta mai fasasshen gilashi ba ta san da me aka ɗauka ba. Babu ko mutum ɗaya da ta ƙara sayen turmi saboda na canza waya.

Abin da ya yanke hukunci gilashi ne. Autana ya sako ta daga kan kujera. Kuɗin da mai gyara ya faɗa na gilashi mai kyau ya isa a sayi sabuwar ƙaramar waya a kwali. Mai araha kuma ya ce min gaskiya, kala za ta disashe, wayar ma za ta nuna an canza mata kaya. Na gyara da mai kyau, na sayar, na sayi matsakaiciyar Android mai sim biyu da gurbin 256, na sa ragowar a jari. Wannan karon da wayoyin biyu a gabana na zauna, na haɗa su da kebul, sai da na ga hirar kowace mai bashi ta sauka kafin na bari a goge komai.

Ƴar yayar tawa ɗaliba ce, layinta ɗaya, a hostel suna da sola, ƙawayenta rabi iPhone gare su, kuma bidiyon kwalliya take ɗauka tana neman masu biki. Lissafinta ba nawa ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na ce idan za ta saya, kada ta karɓi ƙasa da 128, ta duba lafiyar batir amma kada ta yarda da lambar kaɗai tunda akwai masu yi mata dabara, ta shiga saiti ta ga ko an canza wani abu, ta tabbata mai ita ya fita daga iCloud ɗinsa a gabanta, ta gwada Face ID, wato buɗe wayar da fuska, ta sa sim ɗinta ta yi kira. Na kuma tambaye ta, idan gilashin ya fashe sati mai zuwa, akwai kuɗin gyara a hannu, ko wurin Abbanta za a koma?

Ta yi shiru tana juya kofin ruwa. Can ta ce, "Anti, to ara min cajarki, tawa saura 6." Na miƙa mata, ta shiga daidai.