Ido Ɗaya da Rabi a Hanyar Tasawa

A tashar mota ta Maradi, bayan sallar isha'i, wata tsohuwar Hiace ta cika da fasinjojin Tasawa, buhunan wata Hajiya kuma sun danne bayanta har ta durƙusa. Direban Bagobiri ne daga Tibiri, wanda ya samu kujerar gaba kuwa Bakatsine ne, tsohon mai gyaran wutar mota. Kowa a garin nan ya san cewa idan kujera ɗaya ta haɗa waɗannan biyun, fasinja ba ya bukatar rediyo.

BAKATSINE: Bawana, tunda mun yi addu'ar tafiya, ai sai ka kunna fitila mu kama hanya, kada dare ya ƙara yi mana nisa.

DIREBA: Fitila a kunne take tun kafin ka gama hawa. Idan ba ka ganinta, to, idonka za ka kai asibiti, domin motata lafiyarta ƙalau.

BAKATSINE: Wannan jan abin da nake hangowa a ƙasa shi ne fitilar? Wallahi aci-balbal ɗin mai ƙosan bakin tasha ta fi ta haske, ita kuwa ba ta ɗauko rayukan mutane ba.

DIREBA: Ku Katsinawa kun cika son ƙawa. Mu Gobirawa da zuciya muke tuƙi. Hanyar nan a kaina take, daga nan har Damagaram babu kwanar da ban sani ba, ko idona a rufe zan kai ku.

HAJIYA: Don Allah ɗana, ka bar idonka a buɗe, tunda na motar a rufe yake.

BAKATSINE: Na yarda ka haddace kwana, amma ka haddace jakin da zai fito daga gona yau da dare? Ka haddace babbar motar da ta lalace da la'asar, aka bar ta a tsakiyar kwalta, ba a sa mata alamar komai ba sai reshen bedi da duwatsu?

YARON MOTA: Baba, kada ka damu, akwai tocila a aljihuna. Idan mun zo wuri mai duhu sosai, ni nake leƙowa ta taga in haska wa maigida.

BAKATSINE: Hajiya, kin ji sabon tsarin wutar mota, wanda Japanawan da suka ƙera ta ba su taɓa tunaninsa ba.

Haka aka fita gari aka hau babbar hanya, wadda ta taso tun daga Yamai ta nufi gabas. Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe taurari, Direba kuwa ya kwanta a kan sitiyari har hancinsa na neman taɓa gilashi, duk da haka ƙafarsa ba ta bar totur ba.

BAKATSINE: Allurarka tana kan 90. Ka san abin da wannan yake nufi kuwa?

DIREBA: Yana nufin za mu iske mai shayin Gazawa bai tashi ba.

BAKATSINE: Yana nufin kowace daƙiƙa motar nan tana cin mita 25. Daga lokacin da idonka ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarka ta isa birki, daƙiƙa guda ta wuce, wato ka riga ka cinye mita 25 ba ka rage komai ba. Kafin ta tsaya cak kuwa, lissafin da ake koya wa masu neman lasisi ya ce kusan mita 80 take bukata, shi ma idan birki da taya suna da kyau, balle taka da ta ɗauko gero.

DIREBA: To, ni me ya haɗa ni da lissafin 'yan makaranta?

BAKATSINE: Abin da ya haɗa ka shi ne, lafiyayyar wutar kusa an yi ta ne ta haska aƙalla mita 30, ta nesa kuma mita 100. Mai lafiyayyar wutar kusa ma, idan yana son ya tsaya cikin iyakar abin da yake gani, bai kamata ya wuce 50 ba. Kai kuwa da taka ba ta kai rabin haka ba, duk abin da ka gani, ka riga ka take shi.

HAJIYA: Innalillahi! Direba, ga abu nan a gabanka!

Amalanken jaki ne ɗauke da kara, babu fitila, babu ko ƙyallen da zai ɗauki haske. Direba ya murɗa sitiyari, mota ta sauka gefen kwalta ta yi ta tsalle cikin rairayi, tocilar Yaron Mota ta yi nata wuri. Jakin bai ko ɗaga kunne ba, kuma a gaskiya duk cikin waɗanda abin ya shafa shi kaɗai ne bai yi laifi ba.

DIREBA: Kun ga gwaninta? Da wani direban ne, da yanzu ana ta salati.

HAJIYA: Ai salatin muke yi, ɗan nan! Ni na fara ganin amalanken, ni da nake kujera ta biyu, kuma likita ya ce akwai yana a idona na hagu.

DIREBA: Laifin mai amalanke ne, da ya fito da dare babu fitila.

BAKATSINE: Gaskiyarka, yana da laifi. Sai dai bambancinku kaɗan ne, shi ya san ba shi da fitila, shi ya sa yake tafiyar jaki.

Ba a yi nisa ba aka iso shingen jandarma. Jandarman da ke bakin aiki Bazabarme ne, wato wani abokin wasan Bagobiri ya ƙaru, abin da Direba bai roƙi Allah ba a wannan dare.

JANDARMA: Mai babur, matsa gefe ka tsaya. Af! Ashe mota ce? Tun daga nesa nake ganin ɗigon wuta guda, har na ce a raina ga ɗan kabu-kabu ya yi dare.

DIREBA: Ranka ya daɗe, ido biyu ne da ita, na hagun ne yake ɗan hutawa.

JANDARMA: Da na ga zanen fuskarka na san za a yi haka. Ka san abin da ya sa mota mai ido ɗaya ta fi mai duhu haɗari a wani lokaci? Mai tahowa yana ɗaukarta babur ne, sai ya bar mata hanyar da za ta ishi babur, sai ya zo daf sannan ya tarar da sauran jikinta a gabansa. Yaro, sauko ka taka mini daga hancin motar zuwa inda haskenta ya ƙare.

YARON MOTA: Taku goma sha biyu ne, ranka ya daɗe, amma na ƙarshen na ƙara shi ne saboda kunyar maigida.

JANDARMA: Takardunka suna hannuna har sai na ga wuta. Ba ni da gaggawa, a nan zan kwana ko da ku ko babu ku.

DIREBA: Abin mai sauƙi ne. Gobe zan sayi kwai mai wat 100 a kasuwa, ko irin farin nan na LED da matasa suke sawa, wanda idan ka kunna har Madarumfa sai an gani.

BAKATSINE: Ka ji maganar Bagobiri, rijiya ta ƙafe ya tafi sayen babbar guga. Kwan da aka yi wa motar nan wat 55 ne a wutar kusa, 60 a ta nesa, wayoyinta ma daidai wannan nauyin aka auna su. Ka sa mai 100, soket ya yi zafi ya narke, wata rana ka ji ƙaurin roba a tsakiyar daji. Farin kwan kasuwa kuwa, idan aka cusa shi a gidan fitilar da ba don shi aka ƙera ba, watsa haske yake yi ko'ina, ya makantar da mai tahowa, shi kuma ya zo ya same ka a hannunka. Ranka ya daɗe, ara mini tocilarka. Kai kuma taka totur mu gani.

JANDARMA: Ga shi kuwa, da ya taka sai ta ƙara haske, da ya saki sai ta koma.

BAKATSINE: To, wutar ce ba ta isowa yadda ya kamata. Mota mai lafiya, idan inji yana aiki, alternata, wato na'urar da ke cajin batir, tana ba shi wajen volt 14. Idan bel ɗin da ke juya ta ya saki, ko kan batir ya yi gishiri, ko wayar da ke ɗaure a ƙarfen jikin mota ta yi tsatsa, sai wuta ta riƙa zubewa a hanya. Shi kuwa kwan fitila ba ya yafiya: idan wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. Hajiya, a ɗan ba ni wuri, injin wannan a ƙarƙashin kujerarmu yake. Duba nan, bawana, wannan koren abin da ya taru a kan batir, tun yaushe rabonka da shi?

DIREBA: Na ɗauka ado ne daga kamfani.

Bakatsine ya kankare kan batir da wuƙar Yaron Mota, ya ɗaure bel, ya kwance wayar jikin mota ya goge tsatsarta har ƙarfe ya fito fari, sannan ya zagaya gaba ya shafa murfin fitilar da tafin hannu. Murfin roba ne, rana da ƙurar shekaru sun mayar da shi ruwan ɗorawa, ga busasshen laka ta kwanta a kai.

BAKATSINE: Ko da wuta ta iso, ta ina za ta fita? Kawo ruwa da sabulu. Hajiya, idan akwai man goge baki a kayanki, a taimaka mana da kaɗan, yana rage wannan dusashewar na ɗan lokaci, kafin ya je a goge masa ita da kyau ko ya sayi wani murfin.

HAJIYA: Akwai, na sayarwa ne, kuma za a cire kuɗinsa daga kuɗin motata.

DIREBA: Akwai wani kwai a cikin akwatin gaba, bari in ɗauko in sa a na hagun.

BAKATSINE: Sauke hannunka! Ba a kama gilashin kwan halojin da yatsa, musamman yatsan da ya gama cin tsire. Maiƙon yana manne wa gilashin, wurin ya fi sauran zafi, kwan ya mutu kafin lokacinsa. Kama shi ta gindi, ko ka sa tsumma mai tsabta. Kuma idan ka samu kuɗi ka canza duka biyun tare, domin tsohon kwai yana dusashewa tun kafin ya ƙone.

Aka kunna. Haske ya tashi fari tas, sai dai bai sauka a kwalta ba, can saman wata bishiyar gawo ya dira, har tsuntsayen da ke kwana a kai suka watse.

JANDARMA: Madalla, yanzu kuma jiragen sama za ka yi wa jagora?

BAKATSINE: Kayan Hajiya ne suka danne baya, hanci ya ɗaga sama. A haka duk wanda ya taho sai ka kashe masa ido, kai kuma ba ka ga ƙasa ba. A dawo da buhu uku tsakiya, sauran gyaran saiti in yi shi da sukurudireba.

HAJIYA: A taɓa buhunana a hankali. Ban ga laifinsu ba, tun da can ma motar ba ta ga ƙasa ba.

Da aka gama jan buhuna, Jandarma ya sa Yaron Mota ya sake takawa, yaro ya yi ta tafiya har muryarsa ta fara nisa, sannan aka miƙa wa Direba takardunsa. Mota ta hau kwalta, amma ba a yi kilomita guda ba sai ga allura ta sauko 50 da kanta, Direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana zare ido.

BAKATSINE: Lafiya, jarumin Gobir? Ina zuciyar da ake tuƙi da ita?

DIREBA: Kai Bakatsine, me ka yi wa hanyar nan? Dubi shanu a gefe, dubi mutane suna tafiya a bakin kwalta da baƙaƙen kaya, dubi wancan rami! Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ban taɓa ganin wannan ramin ba.

YARON MOTA: Maigida, ai kullum a cikinsa muke faɗawa. Shi ne wanda kake cewa ni ne ban ɗaure kaya da kyau ba.