Ka biya koci, to wa zai zauna a kan bokiti?

Wallahi tun ranar Asabar abin nan yake cina, na ce ba zan tanka ba amma na kasa. Waɗanda suke filin wasa sun gani da idonsu, waɗanda ba su je ba kuma na san labari ya riga ni isa wajenku. Babban mutum da furfura a gemu, ka tare baiwar Allah, kocin da ke koya wa 'yarka jifa a wasan sofbol (wasan da ake jefo ƙwallo a buga da sanda), a wajen ajiye motoci kana ɗaga mata murya wai wata takwas kana ba ta dala 50 duk sati amma 'yarka ta saki mutum shida sun wuce bes na farko, wato zangon farko na masu bugu, a ɓagas saboda jifanta ya ƙi zuwa daidai. A gaban yarinyar fa. Yarinya 'yar shekara 11 tana tsaye da safar hannunta a hammata tana kallon takalminta. Sannu Alhaji, ka yi ƙoƙari, duk garin Dalas na Amurka ya san kana da dala 50.

Tambaya ɗaya nake so a amsa min, kuma ba sai an yi dogon turanci ba. Tsakanin darasin wannan Talatar da na waccan Talatar, sau nawa yarinyar ta riƙe ƙwallo? Sau nawa ka ɗauko bokiti ka zauna ta jefo maka? Ni na san amsar don 'yata Ummi ajinsu ɗaya, kuma yara ba sa iya ɓoye magana. Jakar kayan wasan a but ɗin mota take kwana daga Talata zuwa Talata. To me koci za ta yi maka? Rabin awa a sati. Ko ruwan rubutu take ba yarinyar ta sha ai ba zai yi aiki a haka ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Wa a cikinmu bai yi makarantar allo ba? Malam zai biya maka sau biyu sau uku, shi ke nan ya gama nasa, kai ne za ka koma gefe ka yi ta nanatawa har ya zauna, sannan ka kawo, in ya ji ya yi daidai ka wanke allo a ɗora maka na gaba. Yaron da ya jingine allonsa ya tafi yawo ya dawo gobe bakinsa wayam, akwai uban da yake zuwa ya ci kwalar malam? To jifan sofbol haka yake babu bambanci. Koci biyawa take yi. Tilawa a gida ake yin ta, a gareji ko bayan gida, kuma sai da wanda zai cafe.

Kuma jifan nan ba wasa ba ne, duk wanda ya raina shi bai gwada ba. Hannu zai zagaya cif kamar fanka, a saki ƙwallo ta ƙasa daidai gefen cinya, a lokaci guda ƙafar dama ta tunkuɗa jiki gaba, ta hagu ta sauka a kan layi, ƙugu ya buɗe ya rufe, duk cikin ƙiftawar ido. In aka saki ƙwallon da wuri kaɗan ta ci ƙasa, in aka makara kaɗan ta tafi gaida tsuntsaye. Ga shi 'yarka bana ta tashi daga rukunin 'yan ƙasa da 10 ta shiga na 'yan ƙasa da 12, wato nisan jifa ya ƙaru daga ƙafa 35 zuwa 40, ƙwallon ma ta girma daga inci 11 zuwa 12, ɗan hannun nan nata sai ya sake koyon riƙo daga farko. Duk yarinyar da ta yi wannan tsallaken sai ta rikice na ɗan lokaci. Nan gaba kuma ƙafa 43 na jiran ta. Amma kai ba ka san wannan ba don lokacin darasi kana cikin mota kana waya da Kano a kan maganar fili.

Za a ce min ai na biya kuɗi, haƙƙina ne in ga sakamako. To ka biya kuɗin gidan motsa jiki ma tun Janairu, ina tumbin ya tafi? Za a ce ba lokaci, aiki biyu ake yi a ƙasar nan. Ni ma aikin dare nake yi, minti ashirin ne sau uku a sati, bai kai tsawon muhawarar siyasar da muke yi a waya ba. Za a ce ban iya wasan ba, ban taso da shi ba. Wa ya taso da shi? Ni langa da ƙwallon tsumma na sani. Ba a ce ka koyar ba, zama aka ce ka yi ka buɗe safar hannu. In ba za ka iya ba ka sayi raga ka kafa mata, amma ka tsaya a wajen.

Sai masu cewa kocin ce ba ta da kirki, wata takwas ba ta koya wa yarinya jifa mai tashi sama ko mai lanƙwasa ba, ga 'yar wane can tana da jifa kala biyar. Kala biyar ɗin lafiya? Ni na tsaya a bayan raga na kalli 'yar wanen nan, duk biyar ɗin hanya ɗaya suke bi, suna ne kawai ya bambanta. Yarinyar da ba ta iya ajiye jifa miƙaƙƙe inda aka nuna mata ba, me za ta yi da mai lanƙwasa? Koci mai tsoron Allah ita ce za ta riƙe ki a kan miƙaƙƙen har ya zauna, sannan ta ƙara miki na yaudara, wanda hannu ke zagayawa da ƙarfi amma ƙwallo ta taho a sanyaye mai bugu ta kai wa iska duka. Eh, akwai kocin banza, ban musa ba. Amma wannan ita ce ta uku da ka canza cikin shekara biyu, kowacce da irin koyarwarta, yarinya ta rasa ta wa za ta bi. Laifi tudu ne Alhaji.

Bari in faɗi nawa kada a ce na mai da kaina waliyyi. Shekarar farko ni ma na yi hauka iri na. Zama ina yi a kan bokitin, amma bakina ba ya rufuwa. Na kalli bidiyo biyu a YouTube na zama shehi. Koci ta ce kaza ranar Talata, ni kuma ranar Laraba in ce a'a ɗaga kafaɗa, miƙe gwiwa, taka da nisa. Ranar gasa kuma ina manne da wayar shingen fili ina ihu, Ummi jefa daidai kawai! Wata rana da yamma a gareji, na faɗa mata haka karo na ban san adadi ba, sai ta tsaya, ta sauke hannu, idonta ya ciko, ta ce Abba kana ganin da gangan nake ƙin jefawa daidai? Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi. Na rasa abin cewa. Mamanta tana bakin ƙofa ta ce Abban Ummi, kai fa bokiti aka ba ka ba makirifo ba.

Daga ranar na canza. Yanzu in za mu darasi ina shiga da kaina, ni nake cafe mata, ina jin abin da koci ke faɗa da kunnena, in ta yarda in ɗauki ɗan bidiyo. A mota kafin mu tashi Ummi ta rubuta abu biyu a ɗan littafinta, biyu kacal, da kalmominta. Su za mu yi ta yi har sati ya zagayo. Akwai ƙwallo ɗaya da muka zagaye da baƙin tef, in juyin ya yi kyau za ka ga layin a tsaye cak yana tahowa, in bai yi ba layin sai ya yi ta rawa, ita da kanta take gani ba sai na ce uffan ba. Aikina in cafe, in mayar, in ƙirga. In ta tambaye ni in faɗi abin da na gani. In ta ce kafaɗarta ko damtsenta na ciwo mu tashi nan take, don masu cewa jifan ƙasa ba ya yi wa hannu illa ƙarya suke yi, jiki magayi. Kuma ku sani duk ranar da koci ta gyara wani abu, satin nan jifan sai ya lalace kafin ya gyaru, kada ka firgita ka ce a koma tsohon.

Kowa yana so 'yarsa ta zama NiJaree Canady, shahararriyar mai jifan sofbol, tunda aka ji jami'ar Texas Tech ta ba ta sama da dala miliyan 1 a 2024. Kowa ya ga Karlyn Pickens ta jami'ar Tennessee ta jefa ƙwallo da gudun mil 79.4 a awa a 2025 sai ya je ya sayo na'urar auna gudu yana nuna wa 'yar shekara 11 kamar ɗan sandan kan hanya. Ba wanda yake tambayar wa ya zauna musu a kan bokiti suna ƙanana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma gaskiya ni ban damu Ummi ta kai can ko kada ta kai ba, Allah ne shaida. Minti ashirin ɗin nan a gareji shi ne lokacin da take ba ni labarin makaranta, wa ya ɓata mata rai, wace malama ce ta kasa faɗin sunanta daidai. Shekara nawa ya rage ta daina nema na in cafe mata?

Ka je ka ba kocin nan haƙuri, ka ba 'yarka haƙuri, ka fito da jakar daga but. In ba ka da bokiti ka zo in ara maka.

Au, na ma tuna ba ni da shi. Wanda ya ɗauke min bokiti a fili na uku ranar Asabar ɗin, fari ne mai murfin soso da shuɗin tef a hannu, akwai ƙwallaye tara a ciki har da mai baƙin tef ɗin, don girman Allah a dawo min da shi, ba zan tambayi komai ba. Kuma duk wanda ya raɗa wa ƙwallon nan suna sofbol, wai mai laushi, Allah ya isa, ku zo ku ga ƙaurina na hagu, sati biyu ke nan ina sallah a kan kujera.