Na koma aji ina da shekara 46, ga dalilina

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na sa hoton takardar rajistata a status waya ba ta huta ba, wasu addu'a suke min, wasu tambaya, to bari in yi bayani sau ɗaya anan kowa ya gani. Eh gaskiya ne na fara karatun doktora a fannin shugabanci, kuma ban bar aiki ba, har yanzu bakwai da rabi na safe ina biro, yara biyar na nan, kuɗin lakwal ɗinsu na nan yana jirana kamar kullum.

Wanda tambayarsa ta fi tsaya min a rai Baffana ne, ƙanin mahaifinmu. Na je gaishe shi bayan sallar Juma'a yace "kai yanzu shugabanci har karanta shi ake yi? ai wannan Allah ke bayarwa." Nace Baffa Allah ya ƙara girma, haka ne, Allah ke bayarwa, amma ka tuna abin da ya faru da dukiyar Alhaji. Sai yayi shiru, nima nayi shiru, dan duk mun san maganar.

Alhaji, wato mahaifinmu, Allah ya jiƙansa ya rasu a 2009. Ya bar shago uku a babbar kasuwar Garwa, da manyan motoci biyu masu ɗaukar kaya daga Ngaundare har Kusiri bakin iyakar Cadi, da yaran gida sun fi ashirin da ke ci a ƙarƙashinsa. Da goro ya fara tun yana saurayi, daga baya ya koma atamfa da sikari. Cikin shekara uku bayan rasuwarsa wallahi babu shago ko ɗaya da ya rage a hannunmu. Kuma ina so a fahimce ni, babu wanda ya ci amanar wani, an raba gado yadda Allah ya ce, malamai suka zauna kowa ya karɓi haƙƙinsa. Abin da ya kashe kasuwancin shine komai a kan Alhaji yake. Shi ya san wa ake bi bashi, shi ya san wa za a ba kaya sai bayan damina ya biya, shi ya san wane direba za a damƙa wa kuɗi a ce ya kai Marwa, shi kaɗai masu kaya na Duwala suka sani, kuma da sunansa suke sakin kaya ba takarda ba komai. Ranar da aka kai shi makwanci duk wannan aka binne tare da shi. Mu 'ya'yansa muna lakwal, bai taɓa zaunar da ɗayanmu yace ga yadda ake yi ba, mu ma bamu tambaya ba.

Shekara goma sha ina ɗauke da wannan abin a zuciya. Kuma ku duba unguwanninku, daga Garwa har Marwa har Injamena, gida nawa kuka sani da aka yi arziki a ciki, mai gida ya faɗi, bayan 'yan shekaru jikoki na tuƙa moto? Kungiyoyinmu ma haka, GIC ɗin nan, wato ƙananan ƙungiyoyin haɗin gwiwa na manoma da masu sana'a, da ake ta buɗewa tun dokar 1992, adashin mata, kwamitin masallaci, makarantar islamiyya ta unguwa, duk mutum ɗaya ke riƙe da su, in ya tafi sai a fara kallon kallo. Wannan itace tambayar da na kai wa malamin da ke duba aikina: me yasa abin da muka gina baya wuce wanda ya gina shi, kuma gidajen da suka wuce, yaya suka yi?

Akwai dalili na biyu, shi kuma nawa ne na kaina. A 2014 aka ɗora ni shef a wurin aikinmu, aka sa mutane a ƙarƙashina har da waɗanda suka kusa haifata. Babu wanda ya koya min komai, takarda kawai aka miƙo min da makullin biro. Wata rana lissafin kaya bai cika ba, na ɗaga murya a kan wani dattijo mai kula da magaza a gaban yara ƙanana, ashe kuskuren ma ba daga wurinsa ba ne. Na bashi haƙuri daga baya, yace ba komai ɗana, amma tun daga ranar har ya yi ritaya bai ƙara zuwa ya faɗa min wata matsala kafin ta girma ba, alhali da shine idona a wurin. Har yau in na tuna ina jin ciwo. Ina da lisans da mastar a aljihu lokacin, amma ban san cewa girman dattijo in ka zubar a gaban jama'a baya kwasuwa ba, ko kuma na sani a gida amma na ɗauka a biro wata doka ce daban.

Shi yasa ni ra'ayina, kuma da gaske nake faɗa, wannan karatu yafi dacewa da wanda ya riga ya sha wuyar riƙe mutane. Yaro ɗan shekara 26 da ya fito daga mastar kai tsaye yafi ni saurin karatu, yafi ni iya kwamfuta, wannan ba gardama, amma in aka zo maganar yadda ake sallamar ma'aikaci mai iyali, ko yadda zaka ce a'a wa ɗan uwanka da ya zo neman aiki bai cancanta ba, shi a littafi yake gani, ni fuskokin mutane nake gani.

Abin da na fara karantawa ya ƙara min ƙarfi. Akwai wani Ba'amurke James MacGregor Burns da ya raba shugabanci gida biyu tun 1978, na ban gishiri in baka manda, wato ka min aiki in biya ka, da kuma wanda shugaba ke ɗaga mutanensa har su ma su zama wani abu. Da na karanta sai na ga Alhaji a gabana, dan yaransa da yawa shi ya musu aure ya basu jari, amma gidan kansa bai gina masa magaji ba. Sai kuma wani masani Abner Cohen da ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da bincikensa a 1969, yana bayanin yadda mai gida ke tsayawa tsakanin mai shanu daga arewa da mahauci, a bada dabbobi bashi bisa amana kawai. Na ji daɗi na kuma ji kunya, tsarin kakanninmu ne, irinsa ne ya kawo fatakenmu nan ƙasar Adamawa, amma sai wani ya taso daga nesa ya rubuta. Kuma tun kafin su duka, Shehu Abdullahi na Gwandu ya zauna a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam akan yadda ake riƙe jama'a, sannan ga hadisin da kowa ya haddace tun makarantar allo, dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin kiwonsa. Muna da abin faɗa, rubutawa ce bamu yi ba.

Wani abu kuma da ban sani ba lokacin rasuwar Alhaji. Dokar kasuwanci ta OHADA, wato ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, da Kamaru da Cadi duk suna ciki tun yarjejeniyar 1993 ta bada damar a mayar da kasuwancin gida kamfani, irin na hannun jari da ake kira SARL, magada su gaji hannun jari kowa gwargwadon rabonsa na shari'a, shago kuma ya ci gaba da buɗewa da safe. Da wani ya zaunar damu ya faɗa mana haka, wata ƙila da yanzu labarin daban ne. Amma takardar notar, wato mai tabbatar da takardu a hukumance, kaɗai bata isa ba, in 'yan uba basu yarda da juna ba babu kamfanin da zai tsaya, kuma nan ne ainihin binciken yake.

Wahala kam akwai, ba zan ɓoye ba. A tsarin LMD na jami'o'inmu, wato lisans, mastar, doktora, shekara uku aka rubuta wa doktora, amma mai aiki ya san sai yadda Allah ya yi. In lokacin semina ya zo sai in hau bas daga Garwa in haura dutsen nan zuwa Ngaundare, in kama jirgin ƙasa na dare, fiye da kilomita 600, gari ya waye ina Yawunde, a gama in juyo Litinin in shiga biro. Hutuna na shekara duk nan zai tafi. Karatu sai bayan asuba kafin yara su tashi, dan da dare a zafin Maris da Afrilu na Garwa, ya haura 40, in wuta ta ɗauke kai baya ɗaukar komai. Darasi da Faransanci, yawancin littattafan da Turanci, hirar da zan yi da 'yan kasuwa kuma da Hausa da Fillanci, kuma har yanzu ina neman yadda zan sa kalmar amana ko kunya ko yaron gida a Faransanci ba tare da na rage musu nauyi ba.

Wadda ta fi kowa biyan kuɗin wannan karatu maman yara ce. Filin da muka yi niyyar fara ginawa bana mun ɗaga, kuma ita ta fara cewa a ɗaga. Kafin in cika dosiye na zaunar da ita na faɗa mata komai, tace "Alhaji in dai abin da ya same ku ba zai sami 'ya'yanmu ba, ka je." Duk mai iyali da ke son shiga wannan hanya dan Allah ya fara daga nan, kar ya yanke shi kaɗai ya zo yana sanarwa. Wanda kuma sunan Dakta kawai yake so a kira shi a wurin ɗaurin aure, ina bashi shawara tsakani da Allah ya bar kuɗinsa ya sa a karatun 'ya'yansa, dan wannan sunan ba zai tashe ka ƙarfe huɗu na dare shekara huɗu a jere ba.

Asabar mai zuwa insha Allah zan yi hirata ta farko, da wani tsoho da ya yi wa Alhaji yaron shago shekara talatin, yanzu ido ya yi rauni yana zaune gida a Yelwa. Da na aika masa yace in zo da goro, kuma in zo da wuri kafin rana ta yi zafi, dan maganar tana da tsawo.