Ranar da na tafi tarar dusar ƙanƙara a Dass

Ɗan yayata da ke karatu a Erzurum ta ƙasar Turkiyya shi ya ja mini. Ya zo hutu Bauchi, yana cin tuwona yana ba ni labarin yadda suke hawan dutsen Palandöken a tsakiyar sanyi. Ya ce, "Kawu, kafin ƙarfin ƙafa, sai ka iya karanta yanayi." Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara kuma hawa-hawa ne, daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma a na 3 aka fi rasa rai, don nan ne mutum ke cewa ai da dama-dama. Gangaren da ya karkata digiri 30 zuwa 45 shi ne mugun. Iska kan kwashi dusar daga wannan gefe ta jibge a wancan, kana takawa ta tafi da kai. Shi ya sa ake fita tun duku-duku, kafin rana ta sassauta ta.

Na haddace tsaf. Har manhajar hasashen yanayi ya saka mini a waya kafin ya koma.

Da Janairu ta kama, 'yan majalisarmu suka shirya hawan Dutsen Mbula a Dass. Na ce su bar mini harkar yanayi, fannina ne. Ana gobe tafiya na buɗe waya, sai ga 14 ƙasa da sifili, ga hoton dusa na zubowa. Gabana ya faɗi. To amma hunturu ne, kuma dutse ne, ga lissafin 6.5 na yawo a kaina. Na garzaya kasuwar Wunti wajen 'yan gwanjo, na kwaso suwaita biyu, da wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya, da safar hannu. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, Dass ɗin da muka sani, ko an yi wata?"

Da asuba ni ne sarki. Jaura na kaɗawa, abokaina na karkarwa wajen mai shayi, ni kuwa ina yi musu bayanin mataki na 3. Mai shayin, dattijo ne, ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce, "Alhaji, yau hazo ne zai sauka, kuma kafin hantsi za ka nemi mai riƙe maka kayan nan." Na ce a raina, me ya sani, ko manhaja ba shi da ita.

Yaron da ya yi mana jagora silifa ce a ƙafarsa. Kafin mu kai rabi gumi ya jiƙa ni har cikin safa, ina tururi kamar tukunyar dambu. Na cire riga ɗaya na ɗaura a ƙugu, na cire ta biyu na ɗora a ka. Da muka kai sama, garin Dass da aka ce za mu hango ko rufin kwano ɗaya ba mu gani ba. Fari fat, sai ƙura a hanci da leɓe a fashe.

A saukowa ne na taka busasshiyar ciyawa a kan santsin dutse. Na zauna daɓas, na wuce mutum uku a guje, mai gashin wuya ta yi gabas, hular sanyi ta yi yamma. Wata ƙaya ce ta tare ni, Allah ya saka mata. Wandon kuwa sai dai haƙuri.

Da dare na kira ɗan yayar tawa in yi masa faɗa. Ya ce in karanta masa abin da ke rubuce a saman lambar da manhajar ta nuna. Na ce, "Erzurum." Ya yi shiru, sannan na ji yana kiran abokan ɗakinsa su zo su ji. Da ya gama dariya ya ce, "To Kawu, babu dai abin da ya zaftare ko?"

Na kashe wayar.