Feshi ba ya warkar da shinkafar da ta yi ɗorawa

Tun da hukumomin Yamai suka ɗaura ɗamarar babban shirin noman rani, duk inda ka zauna a Damagaram zancen ɗaya ne: eka nawa za a share, injin ban ruwa nawa za a kawo, buhun taki nawa za a raba. Masu garake a koramun Matamaye da Magarya, waɗanda aka sani da rake da kayan miya, su ma sun fara sa ido kan shinkafa. Madalla. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shawarar da ake ba su a rumfunan sayar da magani: in ganye ya yi ɗorawa a ƙara taki, in bai ji ba a yi feshi. Wannan shawara asarar kuɗi ce, kuma ranar da cutar ɗorawar shinkafa ta sauka a fadama za ta zama asarar gona.

Cutar nan, wadda masana ke kira RYMV, ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma a Afirka kaɗai take. An fara ganin ta a 1966 kusa da Kisumu a Kenya, daga baya ta addabi gonakin ban ruwa na bakin kogin Isa, inda aka cika shuka iri irin su IR1529 da BG90-2 da ba su da ƙarfin jure mata. Ganye ya yi dabbare-dabbaren ruwan ɗorawa, tushiya ta tsumbure, 'ya'ya su ragu, zangarniya ta maƙale ba ta gama fitowa ba, in an sussuka sai ƙaiƙayi. Ƙananan ƙwari masu cin ganye da fara suna ɗaukar ta, haka ne. Amma ba su kaɗai ba. Hannun mai dashe da ya ɗaure dami daga gandun reno yana yaɗa ta. Bincike a Mali ya nuna shanu da jakuna da kusu ma suna yaɗa ta. Tana kwana a gyauro bayan girbi, da cikin shinkafar daji ta bakin tabki. To wane feshi ne zai tare hannun mai dashe da bakin saniya?

Kariyar gaskiya tana cikin irin kansa. Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya kama wani sinadari na jikin shinkafar ya yi aiki da shi, kamar makulli da kwaɗo. A wasu irin shinkafa kwaɗon ya ɗan sauya, makullin ba ya shiga. A 2006 masana a Faransa suka gano ƙwayar gadon da ke yin wannan, RYMV1, a wani iri mai suna Gigante. Daga baya aka gano wasu ƙwayoyin gado biyu masu ba da kariya, RYMV2 da RYMV3. Ga inda ya kamata mu buɗe kunne: biyun nan na baya, da mafi yawan nau'o'in na farkon, a cikin shinkafar Afirka aka same su, Oryza glaberrima, wato jar shinkafar gargajiya da kakanni suka fara nomawa a yankin kogin Isa shekaru dubbai da suka wuce. Ita ce muke cewa ba ta auki, tana kakkaɓewa a gona, ba ta da farin ido a kasuwa. Manoma suna watsar da ita, babu mai bin ƙauyuka yana tambayar wa ya rage da ko tiya ɗaya.

Masu cewa ai a sayo iri mai juriya daga waje a huta, sun manta cewa cutar ma tana sauya makullinta. An nuna cewa nau'in bairos ɗin da ke yankinmu na tsakiyar Afirka ta Yamma yana daga cikin mafi iya karya wannan kariya. Irin da ya tsaya a Madagaska ba lallai ya tsaya a Dungas ba. Shi ya sa masana ke ƙoƙarin haɗa ƙwayoyin gado biyu ko uku a iri ɗaya, kuma dole a gwada shi a ƙasarmu da cutarmu. Wannan aure ne tsakanin shinkafa da shinkafa, aikin da masu inganta iri suka saba, don haka masu tsoratar da mutane da zancen irin da aka gurɓata a ɗakin bincike su nemi wani abin faɗa.

Ni dai ban ga dalilin da za a ware miliyoyi wa injina a bar INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, wadda ke nan tun 1975, tana lallaɓa bincikenta da ragowar kasafi ba. Muna da jami'ar André Salifou a cikin garin nan, da ɗalibai 'ya'yan manoma da suka san kowace korama. A ba su abin hawa su tattaro tsofaffin iri, a haɗa su da AfricaRice, cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, da ke ajiye da dubban nau'o'i, a ware fili a Matamaye a yi gwaji. Kuma kafin a raba wa kowace ƙungiyar manoma iri, wanda ya kawo shi ya faɗa a gaban jama'a ko an gwada shi da wannan cuta, da inda aka gwada shi.